Aron Hawaye

A kasuwar Magariya, ko a tashar Dungas ranar da motocin Maigatari ke lodi, ba a rasa rumfar mai cajin salula, kuma ba a rasa samari biyu ko uku a gefenta sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Yawancinsu ƙwallon ƙafa suke bugawa, ko kuwa Free Fire, wasan harbe-harben nan da ya cika wayoyi tun fitowarsa a 2017. Amma akwai ƴan tsiraru a cikinsu masu wata sha'awa dabam. Su abin nemansu shi ne wasannin da Faransawa ke kira jeux de rôle, wato waɗanda mai wasa yake shiga rigar wani mutum, ya ɗauki sunansa da takobinsa da damuwarsa, ya yi tafiya da shi ta awa 20 ko 30 har labari ya kai ƙarshe. Da taimakon PPSSPP, manhajar da ke sa wayar Android ta karanta tsofaffin wasannin na'urar PSP, irin waɗannan wasanni suna yawo daga waya zuwa waya ta Xender ko ta katin memori, kamar yadda kaset ɗin finafinan Kano ya yi yawo a hannun yayyensu.

Abin lura shi ne yadda suke yi wa juna nuni. Ba kasafai ake yabon wasa da kyan hoto ko yawan makamai ba. Yabo mafi girma shi ne a ce: «Wannan, abokina, sai ka yi kuka.» In wanda aka gaya wa ya nemi ƙarin bayani, sai a ce masa ya dai je ya buga, in ya gama a yi magana. Ga dai yaro yana miƙa wa wanda yake ƙauna abin da ya san zai ɓata masa rai, yana ɓoye masa inda ramin yake, kuma su duka biyu suna ɗaukar wannan a matsayin alheri. Ko alheri ne?

Kafin a yanke hukunci sai a ga abin da ake miƙawa. Crisis Core, wanda kamfanin Square Enix na Japan ya fitar a 2007, labarin wani matashin soja ne mai suna Zack, mai fara'a da yawan surutu, wanda ke aiki wa wani babban kamfani mai suna Shinra. A tsakiyar labari dole ta sa ya yaƙi Angeal, mutumin da ya koya masa aiki, ya kuma gaji takobinsa. Daga baya kamfanin da ya bauta wa ya tsare shi shekara 4 ana gwaje-gwaje a jikinsa. Ya tsere, yana ɗauke da abokinsa Cloud wanda ba ya cikin hayyacinsa, ya nufi birnin da budurwarsa Aerith take, ita kuwa ta rubuta masa wasiƙa 89 ba amsa. Ana hango birnin rundunar kamfani ta tare shi. A nan masu wasan suka yi abin da fim ba zai iya ba: suka bar yaƙin a hannun mai wasa. Yana sara, sojoji suna ƙaruwa. A gefen allo akwai wani faifai mai juyawa da fuskokin mutanen da Zack ya sani, wanda tun farkon wasa shi ke ba shi ƙarfi. Yanzu sai fuskokin su riƙa gogewa ɗaya bayan ɗaya, ta Aerith ce ta ƙarshe. Babu gwanintar yatsa da za ta cinye wannan yaƙi. An gina shi ne domin a faɗi.

Ƙarar da ake kai irin wannan hawaye tsohuwa ce ƙwarai, kuma masu ita ba ƙananan mutane ba ne. Ogustin, wanda aka haifa a shekara ta 354 a garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya, ya tuna ƙuruciyarsa a Kartaj, lokacin da yake zuwa gidan wasan kwaikwayo, ya tambayi kansa dalilin da zai sa mutum ya so baƙin ciki a kan abin da ba zai yarda ya same shi ba. Ya ga cewa ba a kiran ɗan kallo ya taimaki kowa, ana kiransa ne kawai ya ji zafi, kuma yana yaba wa ɗan wasa gwargwadon zafin da ya ji. Jean-Jacques Rousseau ya ƙara gishiri a wasiƙarsa ga d'Alembert ta 1758. A ganinsa tausayin gidan wasa tausayi ne bakarare: mutum ya zubar da ƴan hawaye, ya fito yana jin ya sauke nauyin ɗan'adamtaka, alhali bai ciyar da kowa ba. Har ya kawo misalin wani azzalumin sarkin Girka da ke kunyar a ga yana kuka a gaban wasa, shi da kashe talakawansa bai taɓa sa shi ƙwalla ba.

A Magariya wannan ƙara tana da nauyin da ba ta da shi a Janeba. Tun yunwar 2005 ƙungiyar likitocin MSF take aiki a sashen yara na asibitin garin, kuma a daminar 2018 ta sanar cewa ana rasa kimanin yara 10 kowace rana a can, galibi saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Ƙasar da ta san wannan ba ta ƙarancin abin kuka. Uban da ya iske ɗansa idanu jawur saboda mutuwar wani Zack da ba a taɓa haifa ba, in ya ji haushi, kada a yi saurin ce masa bai waye ba. Tambayarsa daidai take: a ina hawayen nan suke ranar da aka kai ƙanen maƙwabci?

Sai dai amsar tambayar tana hannun uban. Shi ne ya koya wa yaron cewa namiji ba ya kuka a gaban mutane. A zaman makoki an tsara wa kowa abin da zai faɗa da abin da za a mayar masa, a yi addu'a, a ce sai haƙuri, a tashi. Wannan tsari yana da hikima, domin yana riƙe mutum ranar da ƙafafunsa ba za su riƙe shi ba. Amma saurayi ɗan shekara 16 da ya ɗauki makara ya dawo gida, babu inda aka tanadar masa ya ajiye abin da ya ɗauko a zuci. Ba mamaki in wani sashe na hawayen da Zack ke samu na wani ne can, wanda dauriya ta hana a ba shi. Aristotil ya ce irin wannan labari yana tayar da tausayi da tsoro domin ya wanke zuciya daga gare su, kuma masana sun shafe ƙarnuka suna gardamar abin da wankin yake nufi. (Abin sha'awa, da aka mayar da littafin nasa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 10, ba a sami kalmar da ta dace da tragédie ba, sai aka kira ta yabo, aka kira kishiyarta zambo, kuma Ibn Rushd ya bi wannan fassara. Hausa ma har yau ba ta tsayar da kalma ɗaya ba. Malamin aji yakan kewaya ne ya ce labari mai mummunan ƙarshe, wanda kuwa bai cika ma'anar ba.)

Rashin kalma bai hana abin wanzuwa ba. Gasar rubutun 1933 ta Zariya ta haifar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda uwa ta ratsa hamada tana neman ɗanta, ta faɗa bauta, ta gan shi ne kawai gab da mutuwarta. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya fi shi ɗaci, domin a can ramuwar gayya ce ta lalata yaro har ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Malamai ne suka riƙa miƙa waɗannan littattafai ga ɗalibai da hannunsu, ba wanda ya ce ɓarnar tausayi ce. Saboda haka baƙin cikin ƙage ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Baƙon abu shi ne hannun mai wasa a ciki.

A nan ne ya kamata a dakata. Mutanen Damagaram sun san shiga rigar wani tun kafin salula: a wasan kara yaro yakan zama sarki ko gwamna, da rawaninsa da kayan aikinsa na karan dawa, kuma muddin ana wasan gaisuwar da ake yi masa ta sarki ce. Wanda ya taɓa sa rigar ya san ba daidai take da kallo daga gefe ba. Mai karanta Jiki Magayi shaida ne, mai buga Crisis Core kuwa da shi aka yi. Awa 20 wasan yana koya masa darasi guda: in ka faɗi, ka sake gwadawa, ka ƙara ƙarfi, ka sayi makami, za ka wuce. Ya gaskata darasin, domin sau ɗari ya ga ya yi aiki. Sa'an nan, a wurin da ya fi kowane muhimmanci, aka janye alkawarin.

Haka aka yi wa masu wasa a 1997 da Final Fantasy VII, uwar wannan labari. A cikinsa akwai wani gashin tsuntsu da ake saye a kanti, wanda ke tayar da duk wanda ya faɗi a fagen fama. Mai wasa yakan tara shi da yawa a jaka. Amma da Sephiroth ya soke Aerith tana durƙushe tana addu'a, gashin bai yi amfani ba, labari ya ci gaba ba ita. Shekara da shekaru masoya wasan a duniya suna yaɗa jita-jitar wata ɓoyayyar hanyar dawo da ita, suna gwadawa, babu. Wanda ya taɓa zama a bakin gadon majiyyaci da magani a hannu, maganin da ya warkar da wasu jiya, zai gane wannan jita-jita. Ana yawan zargin Bahaushe da jingina komai ga ƙaddara tun bai motsa ba. Akwai bambanci kuwa tsakanin haƙurin wanda ya naɗe hannu da haƙurin wanda ya yi iyakar yinsa abin ya gagara, kuma na biyun ne wasan yake ɗanɗana wa yaro, a wurin da ba wanda za a binne.

Duk da haka Rousseau bai faɗi ƙasa warwas ba. Ba wata hujja da ta nuna cewa wanda ya yi wa Zack kuka zai fi kula da ƙanwarsa gobe. Akwai kuma wasannin da ke kashe mutum don a ja hawaye kawai, kamar fim ɗin da ke kawo haɗarin mota in marubuci ya rasa mafita. Malamin da ke jin tsoron waya a hannun ɗalibi yana da dalilai, sai dai sau da yawa ya kuskure inda haɗarin yake: wasan da mutum ke kashe hamsin cikin minti 10 ba tare da ɗayansu yana da suna ba ya fi cancantar damuwa bisa wanda mutuwa ɗaya ke hana barci. Wasu masu ƙirƙira ma kamar sun ji ƙarar Rousseau sun nemi amsa ta. A ƙarshen NieR: Automata na Yoko Taro, wanda ya fito a 2017, ana tambayar mai wasa ko zai yarda a goge duk abin da ya tara, aikin kwana da kwanaki, domin a taimaki wani mai wasa da bai sani ba, wanda ba zai taɓa gode masa ba. In ya yarda, a gabansa ake gogewa. Sadaka ce ƙarama, amma daga aljihunsa ta fito.

Saura batun ɓoye ƙarshe. Ba yaudara ba ce, tunda an faɗa masa zai yi kuka. Abin da aka ɓoye shi ne yaushe, kuma a kan wa. Tsohuwar da ke tatsuniya ma ta san inda Gizo zai kwana, ba ta faɗa. Nauyin yana wani wuri ne dabam, wato sanin wanda ake ba. Labarin da ya sauƙaƙa wa wani zuciya yana iya fama wa wani miki, kuma wanda ya tura Crisis Core ga yaron da bai cika kwana 40 da rasa wansa ba, ya yi ganganci ko da niyyarsa kyakkyawa ce. Mai nuni ya ɗauki amana iri ɗaya da ta malamin da ke zaɓar littafin da zai sa a hannun ɗalibi, kuma kamar malamin, aikinsa bai ƙare da miƙawa ba. Cewar da yake yi «in ka gama a yi magana» alkawari ne na zama da shi bayan an gama, kuma da cikawa ko saɓa wannan alkawari ne za a auna shi.

Maganar kuwa da Hausa ake yin ta. Wasannin suna zuwa da Faransanci ko Ingilishi, wani lokaci yaro rabin rubutun kawai yake fahimta, sauran yana cikewa da hoto da kiɗa. Da dare a fada, ana jiran shayi na biyu, ɗalibin da a aji ba ya iya taƙaita Phèdre ta Racine cikin layi biyar sai ga shi yana jero labarin Zack tiryan-tiryan, yana kiran Angeal maigidansa, yana kiran Shinra azzalumai, yana gardama da na kusa da shi a kan ko ya kamata Zack ya ajiye Cloud a hanya ya tsira da ransa. Wani ya ce wauta ce, wani ya ce ai ba a barin amana a daji. In labari ya kusa kan tudun da ake hango birni, mai ba da shi yakan waiwaya ya tambaya ko akwai wanda bai kai nan ba. In aka ce akwai, sai ya yi shiru ya miƙa hannu a zuba masa shayi.