Kuturtar Gida

'Yan'uwa cikin Ubangiji, akwai wani wuri wanda yawancinmu mu kan tsallake sa'anda mu ke karatun Littafi Mai Tsarki, watau Littafin Firistoci sura 14, daga aya 33 zuwa 53. A can Allah ya ba Musa da Haruna doka a kan tabo kore-kore ko ja-ja wanda kan fito a bangon gida, har aka kira shi kuturta. Mu a ƙasar Kabi mun san irinsa. Funfuna ce, ko hunhuna yadda mu kan faɗa.

A dā sai da damina mu kan gan ta, wajen watan Agusta, musamman a gidajen da ke daura da fadamun shinkafa na Argungu. Yanzu kuwa ta sami wata ƙofa. Tun da Birnin Kebbi ya zama babban birnin jiha a 1991 gidajen siminti suka yawaita, zafin Afrilu kuma ya kan wuce digiri 40, saboda haka wanda Allah ya hore masa ya kan sayi na'urar sanyaya ɗaki, wadda a ke kira esi. Wannan ba laifi ba ne. Amma na'urar nan tana tatse ruwan da ke cikin iska, kamar yadda raɓa kan taru a jikin kwanon ruwan sanyi, ruwan kuwa yana da ɗan bututun da zai bi ya fita waje. In ƙurar hunturu ta toshe bututun, ko zanzaro ya yi ɗaki a bakinsa, sai ruwan ya dinga tsiyaya a bango. Danshin kwana ɗaya ko biyu ya isa funfuna ta soma, balle tagogi suna rufe.

Sai mu lura da abin da dokar ta fara da shi. Maigidan ne da kansa zai tafi ya gaya wa firist. Ba a ce ya jira a kama shi ba. A nan ne mu ke tuntuɓe. Mai gidan haya ya ga tabo, ya aika a sayo fenti a rufe kafin sabon ɗan haya ya shigo. Ɗan haya kuma, don tsoron kada a ɗora masa kuɗin gyara, ya jawo kabad ya kāre wurin. Dukansu biyu ranar Lahadi suna benci ɗaya! To, wa zai sha wahalar? Yaron da ke kwana a ɗakin. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zama cikin ɗaki mai danshi da funfuna yana tare da tari, da shessheƙa, da tashin ciwon asma. Iyaye su yi ta sayen maganin tari suna cewa sanyi ne, cutar kuwa tana bayan kabad. Wanda ya sani ya rufe, ya cuci maƙwabcinsa, ko da bakinsa bai faɗi ƙarya ba.

Dokar ta ce a fitar da kaya, a kankare bango, a cire duwatsun da suka kamu a zubar bayan gari. Ba fasto za mu kira yau ya duba bango ba, mai gyaran esi za mu kira, amma hanyar ba ta sāke ba. A kashe na'urar tukuna a buɗe bututun, gama wanki kafin a tsai da yoyo aikin banza ne. A kai katifa da tabarma rana. A rufe hanci da baki, a sa safar hannu, a buɗe tagogi, a goge bango da ruwa da sabulu. Mai asma kada ya yi aikin nan. In za a sa Hypo ko Jik, kada a garwaya shi da maganin wanke masai, gama tururinsu yana ƙona huhu. Silin wanda ya sha ruwa ba ya wankuwa, sai a cire a yar.

Firist ya kan rufe gidan kwana bakwai, sa'an nan ya komo ya duba ko tabon ya yaɗu. Mu ma kada mu yi garajen shafa fenti, sai bango ya bushe sarai mun sāke dubawa. Dattawan ekklesiya kuma, kafin ruwan Yuni ya sauka, ku leƙa gidan fasto da ɗakin da a ke ajiye littattafan waƙa, ku janye kabad ku ga bayansa.