Kifin Teku a Ɗakin Ɗambatta: Haƙƙinsa na Wuyan Wa?

Mutumin Ɗambatta ba baƙon kifi ba ne. Masunta na fito da tarwaɗa da karfasa daga madatsar Thomas, ana soya su ranar Lahadi a kasuwa, kuma matasa da dama sun kama kiwon tarwaɗa a kwamin siminti ko na tamfol a bayan gida. Sai dai wayar hannu ta zo da wani kiwon daban: akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, ƙananan kifaye masu launin lemo da shuɗi na kai-komo a tsakanin duwatsu. Teku kuwa tana can Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000. Saurayin da abin ya shiga ransa, in mai tsoron Allah ne, zaure zai fara nufa: "Allah gafarta Malam, ya halatta a tsare kifi don kallo kawai?"

Amsar ba ta da wuya. Malamai sun kafa hujja da labarin Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu, Manzon Allah (SAW) ya rarrashi yaron, bai kuma tsawata wa iyayensa ba. Buhari da Muslim duk sun kawo shi. Amma su ɗin dai suka ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta ɗaure ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Ke nan an yarda a tsare dabba, da sharaɗin mai tsarewar ya ɗauke mata duk abin da ya raba ta da shi.

A kan kifin teku, wannan sharaɗi ya wuce watsa abinci safe da yamma. Wanda ya saba da tarwaɗa zai iya ruɗuwa, domin tarwaɗa na da wata gaɓa da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take jure gurɓataccen ruwa. Kifin teku ba shi da wannan juriyar. Ruwansa na ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, kuma gishirin miya ba ya yi, sai wani haɗi na musamman. Idan ruwan ya ragu saboda zafi, gishirin ba ya tashi tare da shi, don haka ruwa marar gishiri ake ƙarawa. Wanda ya ƙara mai gishiri yana kashe kifin sannu a hankali. Ana son ɗumin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, a garin da bazara ke haura 40 a watan Afrilu, hunturu kuma ya sa mutane kwana da bargo. Ga injin da ke motsa ruwa yana sa masa iska, wanda bai kamata ya tsaya ba ko an ɗauke wuta.

Babban tarkon sabon shiga shi ne gaggawa. Kashin kifi na sakin guba mai suna amoniya. A teku ruwa mai yawa da ƙwayoyin bakteriya ke shanye ta, amma a sabon akwati babu su, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su zauna. Wanda ya cika akwati yau ya zuba kifi gobe zai ga abin da ido: kifin ya daina ci, launinsa ya dushe, yana numfashi da sauri, can ya koma lungu ya lafe. Akuya in ta ji ƙishirwa za ta yi kuka har maƙwabta su yi magana. Kifi har ya mutu ba wanda zai ji ko motsinsa.

A nan ne ake jin "ai kwanansa ne ya ƙare" ko "wallahi ban sani ba". Maganar farko gaskiya ce, amma ba ta wanke mai sakaci, kamar yadda ba ta wanke matar kyanwa ba. Ta biyun kuwa, duk wanda ya ɗauki Ahalari a zaure ya san tun a shafukan farko marubucin ya hana baligi aikata abu kafin ya san hukuncin Allah a kansa. Idan hukuncin halacci ne mai sharaɗi, sanin sharaɗin ya shiga cikin wajibi. Rashin sani uzuri ne ga wanda ba shi da hanyar tambaya. Wayar da ta nuna wa saurayi kifin tana ɗauke da bayanin amoniya.

Haƙƙin ma ya fara tun kafin kifin ya iso. Yawancin nau'o'in kifin ado na teku kamo su ake yi, musamman a Indonesiya da Filifin, inda wasu masunta ke fesa gubar sayanayid don sumar da su, abin da ke kashe murjanin da suke zaune a ciki. Ɗan kifin nan mai launin lemo da ratsin fari da fim ɗin Finding Nemo ya yi wa suna a 2003 yana cikin waɗanda ake hayayyafarwa a gonakin kifi, kuma mai saye na da ikon tambayar daga ina aka samo.

Duk da haka, kuskure ne a ce sha'awar banza ce. Surorin Furƙan da Faɗir sun ja hankali ga ruwa biyu, mai daɗi da mai zartsi, kuma yaron da bai taɓa ganin teku ba yana iya fahimtar ayoyin sosai idan ya ga halittar da ke shan ruwan gishiri tana rayuwa. Niyya ce mai kyau, sai dai tana bukatar sola da batir, ma'aunin gishiri, da haƙurin zuba wa akwatin da babu kifi ido har wata guda da rabi. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, kifin ado na ruwan daɗi ya fi masa sauƙin sauke nauyi, kuma malaman kiwon kifi na Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako suna nan kusa da gida.