Da Wane Mudu Mu Ke Awon Jikinmu?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar wani gari ya san mudu ba ɗaya ba ne. Hatsin da ya cika mudu a nan, in an kai shi can sai a ce da saura. Hatsin bai ragu ba, mudun ne dabam. Muna so mu yi magana a kan wani awo mai kama da wannan, watau awon da mutum ya kan yi wa jikinsa, har ya ce bai kai ba.

A wurinmu in an ce wa mace, "Kin rame," jaje ne, ana tambaya ko lafiya. A Ingila ko Amurka kuwa, mata da yawa in sun ji haka sai murna, gama abin da su ke nema ke nan. Wushirya abin yabo ce a ƙasar Hausa. Can kuwa iyaye su kan biya likitan haƙori kuɗi mai yawa don ya rufe ta da waya. A Muritaniya, da wurin Larabawan Azawak na Nijar, an daɗe ana yi wa 'yan mata ɗura da nono da gero don su yi ƙiba kafin aure. A ƙasar Sin kuma, shekaru ɗaruruwa ana ɗaure ƙafafun yarinya tun tana ƙarama har yatsun su lanƙwashe, domin ƙafar da ba ta wuce inci 3 ba ita ce mai daraja. Gwamnati ta hana wannan a 1912, amma ya jima bai mutu a ƙauyuka ba.

Wani zai ce, to, ai kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Gaskiya ne, amma kukan ya kan sake, wani lokaci ma da sauri. A tsibiran Fiji, can cikin Tekun Fasifik, tun kakanni cikar jiki ita ce kyau, mai ramewa kuwa a kan nema masa magani. A 1995 talabijin ya shiga lardin Nadroga, yana nuna wasannin Amurka da na Ingila. Wata likita mai suna Anne Becker ta yi wa 'yan matan makaranta tambayoyi a shekarar nan, ta kuma komo a 1998. Da fari ba ta sami ko ɗaya mai tilasta wa kanta amai don ta rame ba. Bayan shekara uku, 11 cikin 100 suna yi, kusan uku cikin huɗu kuma suka ce su kan ga kansu sun cika ƙiba. Jikin yaran nan bai sake ba. Baƙon mudu ne ya shigo gari.

Kada mu yi wa kowa dariya, 'yan'uwa, gama mu ma muna da namu. Akwai 'yan matanmu masu shan sha-ka-fashe don jiki ya ciko, ga shi kuwa irin magungunan nan su kan jawo hawan jini da ciwon sukari. Akwai masu shafa man bilicin, maza da mata, alhali waɗansu daga cikin mayukan nan suna ɓata fata da ƙoda. Saboda haka ne ƙasar Kodebuwa ta haramta su a 2015. A daidai lokacin nan kuma Bature yana kwance cikin rana a bakin teku yana neman fatarsa ta yi duhu.

To, ina laifin ya ke, a jiki ko a ido? In abu guda ya zama abin kunya a wannan gari, abin fahariya a wancan, lalle ba a cikin abin laifin ya ke ba. Ba muna cewa a ƙyale jiki ba ne. Lafiya uwar jiki, in likita ya ce ka rage tuwo domin zuciyarka, sai ka ji. Wanka da ado kuma ba aibi ba ne. Amma kula da jiki dabam, ƙin jiki dabam. Mai kula yana neman jikinsa ya yi ƙarfi ya yi aiki. Mai ƙi kuwa ya yarda ya cuci jikinsa don idon mutane, idon da gobe zai so wani abu dabam.

Abin da ya fi kusa da hannunmu shi ne bakinmu. Yaro ba ya zuwa duniya da mudu, a gida ya ke fara samunsa. Sa'ad da mu ke kiran ɗiya "baƙa" da reni, ko "tsinke", ko mu yabi ƙanwarta don ta fi ta haske, mun miƙa mata mudun da za ta daɗe tana awon kanta da shi. Wanda ya halicce mu ya yi dogo da gajere, baƙi da fari, bai kuwa nemi shawarar kasuwa ba. Bari mu lura da abin da mu ke faɗa a gaban 'ya'yanmu, tun daga yau.