Mece Ce Bukatarka? Tunani a Kan Zaɓen Bindigar Hannu ta Farko

A ƙasar Amurka, wanda ya cika shekara 21 yana iya shiga shagon dillali mai lasisi ya nemi bindigar hannu. Zai cike takardar gwamnatin tarayya mai lamba 4473, a binciki tarihinsa, kuma a jihohi da dama ya fita da ita a ranar. Tun 1791 gyara na biyu na kundin tsarin mulkin ƙasar ya kare 'yancin riƙe makami, sannan a 2008 Kotun Ƙoli, a shari'ar Heller, ta tabbatar da cewa mutum yana da ikon ajiye bindigar hannu a gidansa domin kare kai. Doka ta gama nata. Abin da ya rage shi ne tambayar da mai shago kan yi wa sabon mai saye: mece ce bukatarka?

Masana makamai suna da amsoshi a shirye. Akwai libarba, mai ɗaukar harsashi biyar ko shida, wadda ba ta da wuyar sarrafawa kuma ba ta cika cijewa ba, sai dai sake ɗura ta yana ɗaukar lokaci. Akwai irin su Glock 19, mai cin harsashi 15 na milimita 9, wadda ke neman ƙarin horo. Ƙaramar bindiga tana ɓoyuwa a jiki, amma takan fizgi hannu idan aka harba. Babba ta fi zama daram, amma tana da nauyi. Shi ya sa ake shawartar mai saye ya je filin koyon harbi ya gwada kafin ya biya. Duk wannan gaskiya ne, amma hannun mutum kaɗai ya auna, bai taɓa halinsa ba.

Mai saye yakan hango dare guda: ɓarawo ya ɓalle ƙofa, shi kuma yana tsaye cikin natsuwa yana kare iyalinsa. A wannan hoton shi ne mai hankali, shi ne mai gaskiya. To amma bindiga takan yi shekaru a gida. Tana nan ranar da bashi ya sha masa kai, tana nan daren da rigima ta kaure tsakaninsa da matarsa, tana nan kuma lokacin da ɗansa ɗan shekara biyar ya fara buɗe-buɗen aljihun tebur. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Baƙin cikin da ke kai mutum ga haka sau da yawa yakan lafa in an sami jinkiri, amma kunamar bindiga ba ta ba da jinkiri. Hausawa sun ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wani zai kawo misalin mace mai zaman kanta a ƙauye, nesa da 'yan sanda, wadda tsohon mijinta ke yi wa barazana. Hujjarsa tana da ƙarfi. Tsoronta na gaske ne, kuma abu ne mai sauƙi ga wanda ke barci lami lafiya ya ce mata ta haƙura. Ba ni da bakin hana ta. Sai dai 'yancin da doka ta ba ta bai sauke mata amanar da ke biye da shi ba, domin ran da za a iya ɗauka da wannan ƙarfe, nata ne ko na wani, ba a mayar da shi.

Saboda haka, a ganina, bindigar da ta dace da bukatar mutum ita ce wadda ta dace da mafi munin ranakunsa da kuma dukan mutanen gidansa. Lissafin kuɗinta ya haɗa da akwatin ƙarfe mai kulle, da kuɗin horo, da shirin fitar da ita daga gida ta hanyar da doka ta yarda idan hankali ya tashi. Wanda ya yi wannan lissafi tsakani da Allah zai iya zaɓar libarba, zai iya zaɓar Glock, zai iya kuma yi wa mai shago godiya ya koma gida hannu wofi. Kowanne daga cikin ukun ya amsa tambayar da aka yi masa.