Haƙƙin Doki a Kan Mai Shi da Batun Gyaran Ƙashin Baya

A yankin noma na Funtuwa da Malumfashi, inda auduga da masara da dawa suka daɗe suna riƙe da jama'a, wahalar gona tana wuyan shanun huɗa da jakuna, doki kuwa dabbar alfarma ce da ake kiwo domin kilisa da hawan angwanci, da kuma rakiyar hakimai irin su Sarkin Maska na Funtuwa da Galadiman Katsina na Malumfashi a lokacin hawan salla. Wannan alfarma ba ta raba shi da ciwo ba, hasali ma ita ce kan jawo masa shi, domin dokin da ya shafe watanni a turke yana cin harawa da dusa, shi ne za a wayi gari an ɗora masa sirdin katako da jalala da kayan ado masu nauyi, a hau shi yini guda ana sukuwa, ana fizgar linzami domin ya yi zamiya a gaban jama'a.

Alamun ciwon baya ba sa ɓuya ga murin da ya san aikinsa, wato mai kula da doki a barga. Dokin yakan lotsar da bayansa idan an aza masa sirdi, ya kwantar da kunnuwa, ya kai cizo ko harbi sa'ad da ake ɗaure majayi, kuma a gadon bayansa akan ga tabon farin gashi a gurbin da tsohon miki ya warke. Abin takaici shi ne mahaya da yawa kan fassara wannan da mugun hali, su amsa masa da ƙaimi da bulala, alhali kuwa dabbar tana kai ƙara ne da iyakar abin da take da shi na magana.

A ƙasashen Turawa akwai sana'ar da ake kira kairofiraktik, wadda Daniel David Palmer ya ƙirƙiro a garin Davenport na Amurka a 1895 domin mutane, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa dabbobi. Mai wannan aiki yakan bi gaɓoɓin ƙashin bayan doki da hannu, bakwai a wuya, goma sha takwas a sashen haƙarƙari, galibi shida a kwankwaso, yana neman gaɓar da motsinta ya ragu, sannan ya danna ta da sauri domin ta saki. Hujjar bincike a kan amfaninta ga dawakai ba ta yi ƙarfi ba tukuna, shi ya sa likitocin dabbobi ke sharɗanta a fara gano musabbabin ciwon kafin a taɓa shi. Mafi kusa da ita a ƙasar Hausa shi ne aikin maɗori, mai gyaran karaya da targaɗe da gocewar ƙashi, tare da tausa da gashi da ruwan zafi da ake yi wa dabbar da ta yi ɗingishi.

Tambayar da ta shafi addini a nan ita ce ko yi wa doki magani kyautatawa ce da mai shi zai iya yi ko ya bari, ko kuwa haƙƙi ne da za a tambaye shi a kansa. Littafin Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan malaman wannan yanki, ya wajabta wa mutum ciyar da dabbarsa idan babu makiyaya, ya kuma hukunta a sayar da ita idan ya ƙi, ko ya ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta. Izzuddin ɗan Abdussalam, malamin Shafi'iyya da ya rasu a Alƙahira a 1262, ya lissafa cikin haƙƙoƙin dabba cewa a ci gaba da ɗaukar nauyinta ko da ta tsufa ko ta yi rashin lafiyar da ba a ƙara amfana da ita. Abu Dawud kuma ya ruwaito labarin raƙumin da ya zubar da hawaye a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ya tsawata wa mai shi a kan barinsa da yunwa da gajiyar da shi. Wanda ya haɗa waɗannan zai ga cewa hawan doki mai ciwon baya ɗora masa abin da ba zai iya ba ne, ko da nauyin bai wuce na jiya ba.

Sai dai wajabcin neman magani bai halatta kowane irin magani ba, kuma a nan ne batun ya fi nauyi. Mutum idan maɗori ya murɗa masa inda ba nan ba, zai yi magana, ya tashi ya nemi wani. Doki kuwa a ɗaure yake, ba a nemi yardarsa ba, ba kuma zai iya cewa ya ji sauƙi ko ciwon ya ƙaru ba. Hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi likitanci ba tare da sani ba ya fi cancantar a tuna da shi a irin wannan wuri, ko hannun na maɗori ne, ko na mai takardar shaida daga Turai. Danna bayan da ke da tsagewar ƙashi ko ƙurji na iya nakasa dabbar, haka ma lalas, wato ƙona fata da ƙarfe mai zafi, wanda sau da yawa sabon ciwo yake ƙarawa a kan tsoho. Asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya bai yi wa Funtuwa ko Malumfashi nisan da zai zama uzuri ga mai halin kiwon ingarma ba.

Sau da yawa ma maganin bai kai ga hannun kowa ba, domin abin da ake bukata shi ne a gyara sirdin da ke cin baya, a ƙara shimfiɗa a ƙarƙashinsa, a riƙa fitar da dokin kilisa a hankali makonni kafin salla, idan kuma ya yi ciwo a hutar da shi har ya warke, ko da hakan na nufin mai shi ya yi hawan wannan shekara a kan dokin aro, ko ya kalle shi daga ƙasa.