Haƙƙin Wanda Bai Zo Ba Tukuna: Mas'alar Sare Itace A Lokacin Yunwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya saukar da ruwa, Ya tsirar da abin da mutum da dabba za su ci. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata mas'ala da take tasowa a Belbeji da Tanut da sauran garuruwan Damargu duk lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kafin sabon hatsi ya nuna. Magidanci ne hatsinsa ya ƙare, iyali na jiran tuwo, ba shi da akuyar da zai kai kasuwa, sai gawo guda a tsakiyar gonarsa. In ya sare shi ya sayar, za a ci abinci kwana kaɗan. In ya bar shi, gonar za ta amfana shekaru masu yawa, amma yau za a kwana da yunwa. Shin yana da laifi in ya ɗauki gatari? In kuwa akwai laifi, a wuyan wa yake?

Kafin hukunci, wajibi ne a san ƙasar da ake magana a kanta. Damargu ta daɗe tana ciyar da wasu. Ayarin Abzinawa da ke ɗauko gishirin Bilma a nan yake sayen hatsin da zai kai gida, kuma Bajamushen nan Barth, da ya ratsa ta a watan Janairu na 1851, ya same ta ita ce rumbun Abzin. Amma ƙasa ce da take bakin iyakar noma, ruwanta a shekaru da dama tsakanin milimita 200 ne da 300. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa a Nijar ta bar abin da ke bayan layin ga makiyaya. Sannan fari ya zo a 1973 da 1974, ya dawo a 1984, fara ta sauka a 2004, yunwar 2005 ta biyo baya. Kowane ɗaya daga cikinsu ya ci dabbobi, ya ci itatuwa, jama'a kuma suka ƙaru, gonaki suka yi ta kutsawa arewa. Inda itace ya kau, iska takan binne shuka da rairayi, har manomi ya yi shuka sau biyu ko uku a damina guda.

Uzuri na farko da ake kawowa shi ne ƙaddara. Ana cewa ruwa na Allah ne, in Ya so Ya ba da, in Ya so Ya hana, barin itace ko sare shi ba zai sauya komai ba. Farkon maganar gaskiya ne, amma ƙarshenta kure ne. Imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa bawa riƙon sababi ba. Annabi Yusuf (A.S.) ya san shekarun fari bakwai suna tafe babu makawa, bai ce a naɗe hannu ba, sai ya tsara a adana hatsin shekarun wadata a cikin zangarniyarsa. Wanda ya ce ba zai bar itace ba domin ruwa na Allah ne, mu tambaye shi: don me yake noman fari da maimai, alhali yabanya ma ta Allah ce?

Wasu kuma, musamman ƴan boko, suna cewa ɗumamar duniya aikin masana'antun Amurka da Turai da Sin ne, hayaƙin da Nijar ke fitarwa bai taka kara ya karya ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma alƙawuran da aka ɗauka a taron Paris na 2015 bashi ne a wuyan waɗanda suka ɗauke su. Mun ga yadda damina ta rikice, ta yi jinkiri wata shekara, wata shekarar ta zo da ambaliya, kamar ta 2024 wadda ta rushe tsohon masallacin Damagaram. Sai dai zaluncin wani ba ya halatta maka sakaci da amanar da ke hannunka. Wanda maƙwabci ya cinna wa danga wuta, ba ya barin ɗakinsa ya ƙone don kawai ba shi ya kunna ba.

Uzuri na biyu ya fi ƙarfi, shi ne larura, kuma ba za mu raina shi ba. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa larura tana halatta abin da aka hana, rai kuwa yana gaba da itace. Sayyidina Umar (R.A.), a shekarar yunwar da ake kira Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan Hijira, ya dakatar da haddin sata a kan waɗanda yunwa ta tura. Don haka magidancin da ya rasa kowace hanya, ya sare itacen gonarsa ya ciyar da ƙananan yara, ba mu ganin zunubi a kansa. Amma malaman da suka buɗe wannan ƙofa su ne kuma suka ce ana auna larura gwargwadonta. Wanda reshe ya ishe shi, ba shi da hujjar kada gindi. Wanda ya kada gindi, ba shi da hujjar ƙone kututture. Wanda kuwa yake cika amalanke da ɗanyen itace daga dajin jama'a don neman riba, kada ya ari rigar mayunwaci ya saka.

To, mene ne ya sa itacen da ke gonar mutum bai zama nasa shi kaɗai ba? Ku dubi gawo. Yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa hatsi rana, ganyen ya zama taki. Da rani kuma ya yi kore, ƴaƴansa su ciyar da bisashe lokacin da ciyawa ta ƙare. Kowane manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili tsawo da kauri. Saboda haka ne sarakunan Damagaram, tun zamanin Sarki Tanimun a ƙarni na 19, suka hana sare shi da horo mai tsanani. Aduwa da magarya suna ba yara abin tsotsa, mata abin sayarwa. Anza, wadda ake jiƙawa kwanaki ana sauya ruwa har ɗacinta ya fita, ta riƙe rayuka da yawa a 2005. Ashe itace yana da masu haƙƙi da yawa: maƙwabcin da yake kare wa iska, da Bafulatani da Buzu da dabbobinsu, da tsuntsu, da jikan da ba a haifa ba. Duk waɗannan ana iya neman gafararsu, ban da na ƙarshe. Shi ba ya nan balle ya kai ƙara wajen mai gari, shi ya sa cin haƙƙinsa ya fi sauƙi, kuma ya fi zama abin tsoro. Gawon da muke shan inuwarsa yau, wani ne ya ji yunwa ya bar shi.

Kada a ce wannan magana ce ta masu ƙoshi. Talakawa ne suka gwada ta. Daga 1983, a jihar Maraɗi, wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa tsiron da manoma ke sharewa a lokacin sassabe ba ciyayi ba ne, itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da ake kira sassaben zamani ba ta buƙatar kuɗi ko ban ruwa: manomi ya zaɓi rassa mafi ƙarfi a kan kututture ya bari, ya datse sauran, ya kiyaye su. Bayan shekaru kamar ashirin, masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, har da Magarya da Matamai da Mirya. A ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye, jama'a da kansu suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, da mata da makiyaya a ciki. A nan gida ma, ƙungiyar Eden ta kafa gonar gwaji a Dalli kusa da Tanut tun ƙarshen shekarun 1980, ta raba wa manoma irin itatuwan daji masu ba da abinci, su shuka kai tsaye. Lalle ruwanmu bai kai na kudu ba, girman itace a nan ya fi jinkiri. Wannan kuwa hujja ce ta ƙara kiyaye wanda ya riga ya girma.

Yanzu mu koma ga rabin tambaya na biyu. In mayunwaci ba shi da laifi, alhali an yi ɓarna, to laifin bai ɓace ba, ya koma wuyan waɗanda suka bar shi da gatari. Ya koma kan wanda ya sami nisabi, wato wusuƙi 5 ko sa'i 300, bai fitar da ushirin noman damina ba. Ya koma kan wanda ya ba talaka bashin tiya guda da bazara don ya karɓi biyu da kaka, wannan kuwa riba ce tsantsa. Ya koma kan ɗan kasuwar da ya kulle hatsi yana jiran tsada alhali gari na kuka, kuma shari'a ta hana ɓoye abinci irin wannan. Ya koma kan wanda aka ba amanar bankin cimaka na ƙauye ya cinye jarin. Ciyar da mabuƙaci farilla ce ta kifaya: in babu wanda ya yi, duk masu iko sun shiga zunubi. Mai rumbu uku da ya hana maƙwabci tiya, yana da hannu a saran gawon, ko da bai taɓa ƙotar gatari ba.

Saboda haka muna kira ga kowane masallaci ya zama mafarin gyara. A tara zakkar hatsi a fili, a ajiye wani kaso na sadaka zuwa tsakiyar damina, lokacin da ƙunci ya fi tsanani. Kowane mai gona ya bar tsiro a sassaben bana gwargwadon ikonsa. Mai gari da limami da ardo su zauna su yi ittifaƙi a kan abin da za a sare da wanda za a bari, manomi kada ya cinye burtali, makiyayi kada ya yi wa itacen gona aski har ƙwarya. Sayyidina Umar da ya keɓe makiyaya ta jama'a a Rabaza, ya umarci mai tsaronta da ya fifita masu ƴan dabbobi kaɗan a kan masu garke. Iyayenmu mata kuma a taimaka musu da murhun laka mai tsimin itace, a rage almubazzaranci a biki da suna. Ya tabbata a hadisi cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi sadaka ce gare shi, muna kuma kyautata zaton wanda ya raya tsiro ba zai rasa wannan lada ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sanya tausayi tsakanin mai shi da marashi, Ya sa mu bar wa na baya ƙasa mai rai kamar yadda aka bar mana. Allah ne mafi sani.