Rawanin Soro da Birkin Mota

Karatun yau: Maimaitawar Shari'a 22:8, Matiyu 4:5-7

Ko kana da tsohuwar mota? Yawancinmu da Ubangiji ya ba abin hawa, ba sabo muka saya ba. Wata ta gama aikinta a Turai kafin a sauke ta a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, a koro ta zuwa Yamai ko Maraɗi. Wata kuwa ta girmi direbanta. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, aka soma harhaɗa ta a Kaduna a 1975, har yau kuwa jifa-jifa kana iya gamuwa da ita a hanyar kasuwar ƙauye, ta sha kaya har ta durƙusa. Tsohuwar mota ba abin kunya ba ce, kyautar Allah ce. Tana kai hatsi kasuwa, tana kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, tana kwasar matan zumunta zuwa taro. Amma duk wanda ya shiga cikinta, amanar ransa ya danƙa maka.

A karatunmu na fari, Ubangiji ya umarci Isra'ilawa ta bakin Musa cewa wanda ya gina sabon gida, sai ya yi wa soronsa rawani kewaye. A ƙasarsu, kamar a wurare da yawa namu, mutane sukan hau soro su sha iska, su shanya abu, su kwana lokacin zafi. In wani ya faɗo domin ba a yi rawanin ba, alhakin jininsa yana kan gidan. Ka lura, mai gidan bai tura kowa ba. Bai ƙi kowa a zuciyarsa ba. Aiki kaɗan ne kawai ya bari bai yi ba, Allah kuwa ya lissafta masa shi.

Birkin motarka shi ne rawanin soronka. In ka taka shi ka ji ya yi laushi, yana nutsewa ƙasa sai ka buga sau biyu ko uku kafin ya kama, to iska ta shiga layin, ko kuwa man birki yana yoyo a wani wuri. In ka ji ƙarfe yana gugar ƙarfe, fatar birkin ta cinye ke nan. Man birkin kansa yana tsotsar laima a hankali, shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suka ce a sauya shi wajen kowace shekara 2. In ya tsufa da ruwa a ciki, ranar da ka yi lodi mai nauyi cikin zafin bazara yana iya tafasa, ka taka ka ji wayam. Mu kuwa mun saba da ƙarawa a kan tsohon, shekara da shekaru.

Ka durƙusa ka dubi tayarka kuma. A gefenta akwai lambobi huɗu a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ka ga 2314, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2014. Taya tana iya kasancewa da zanenta sarai, alhali robar ta bushe ta tsattsage saboda tsufa da rana. Irin wannan ce ke fashewa a kan kwalta mai zafi tsakanin Tasawa da Damagaram, mota cike da 'ya'yan mutane. Sauran abubuwan ka san su: baƙin mai ya tsaya tsakanin alamomi biyu na sandar awo, ruwan lagireto a duba shi da safe kafin inji ya yi zafi, matatar iska a kakkaɓe ta lokacin ƙurar hunturu. Waɗannan in ka yi sakaci aljihunka ne zai sha wuya. Birki da taya da sitiyari kuwa, ran maƙwabcinka ne.

Na san abin da za ka ce: kuɗi babu, ga makarantar yara, ga hatsi ya yi tsada. Gaskiya ne, ba na raina wannan. Amma akwai wata amsa da na fi jin tsoronta, domin tana da kamar bangaskiya. Mutum ya san birkinsa ba ya ci sosai, sai ya tara iyali a yi addu'a, ya ce Allah zai kiyaye, ya kama hanya. Wani ma in ya ji baƙuwar ƙara a ƙarƙashin mota, sai ya ƙara muryar rediyo don kada ya ji ta, ko da shirinmu ne yake saurara.

Irin wannan shawara ce Iblis ya kawo wa Ubangijinmu Yesu a kan ƙololuwar Haikali. Ya ce masa ya diro ƙasa, har ya jawo Zabura ta 91 don nuna masa cewa mala'iku za su tallafe shi. Alkawarin gaskiya ne, amma Yesu ya ƙi, ya amsa daga Maimaitawar Shari'a cewa ba a gwada Allah. Dogara ita ce ka yi abin da ke hannunka, ka bar wa Ubangiji abin da ya fi ƙarfinka, kamar jakin da zai faɗo hanya ko direban da ke gyangyaɗi. Ka san lahani ka rufe ido, kana jiran mala'ika ya taka maka birki, wannan gwada Allah ne.

In kuɗin gyara bai samu ba a wannan mako, ajiye motar, ka shiga ta haya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kuwa ka yi niyyar sayar da ita, gaya wa mai saye ciwonta duka, ko da farashin zai ragu, gama waya da ka ɗaure abu da ita ba za ta faɗa masa ba sai a kan hanya. Kai kuma ɗan'uwa makaniki, kada ka sa tsohon kaya ka karɓi kuɗin sabo.

Addu'a: Ya Uba, na gode maka domin abin hawan da ka ba ni. Ka gafarta mini ranakun da na ɗauki bayinka alhali na san akwai lahani. Ka buɗe mini hanyar kuɗin gyara, ka kuma ba ni haƙurin jira har ya samu. Ka kiyaye dukan matafiya a yau. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.